Shawarar Nas: Maigida Na Son Ƙaton Agogon Nutso, Wanne Zan Ce Ya Ɗauka?

 

Yau za mu ɗan kauce wa maganar rigakafi da zazzaɓi. Saƙo ne ya zo daga wata 'yar'uwarmu, uwar 'ya'ya huɗu, matar wani ɗan kasuwa mai zuwa Dubai saro kaya. Ta ce a bana Allah ya buɗa wa maigidanta, ya ƙudiri aniyar sayen agogon da ya daɗe yana buri, wato Rolex Deepsea. Ya turo mata hotuna huɗu ta WhatsApp, ya ce ta zaɓa masa. Ita dai duk iri ɗaya ta gan su, sai bambancin launi. Da ta ji kuɗin kuwa, barci ya ƙaurace mata, don ga ginin gidansu bai kai rufi ba. Tambayarta biyu ce: wanne ya fi a cikinsu, kuma wannan girman nasa ba zai yi wa hannu illa ba?

Na san wata za ta ce ina ruwan mai neman kuɗin makaranta da agogon miliyoyi. Ki daure ki karanta har ƙarshe. Abin da za a duba a jikin agogon Alhaji, shi ne dai za ki duba ranar da za ki sai wa ɗanki agogon kammala sakandare, ko za ki zaɓi na sakawa a lefen ƙaninki. Mu kuma ma'aikatan jinya ba ma rabuwa da agogo, da shi muke ƙirga bugun jini da numfashi da ɗigon ƙarin ruwa. Hannun da agogo ya yi wa ƙuraje ma wurinmu ake kawo shi.

Me ya sa ya yi wannan girman?

Ba don ado aka fara ƙera irinsa ba, kayan aikin masu nutso a teku ne. Duk mita 10 da mutum ya ƙara nutsewa, nauyin ruwan da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Agogon da zai jure zurfi sosai dole gilashinsa ya yi kauri, jikinsa ya yi gwaɓi.

Kamfanin Rolex na ƙasar Suwizalan ya fito da Deepsea a 2008. An yi shi ya jure zurfin mita 3,900, wato kusan kilomita 4 a ƙarƙashin ruwa. In kin taɓa kallon fim ɗin Titanic, ainihin jirgin nan yana kwance ne a zurfin kusan mita 3,800, ke nan agogon zai iya kai masa ziyara ya dawo lafiya. A wannan zurfin, nauyin da ke kan gilashinsa kaɗai ya kai kusan tan 3, shi ya sa kaurin gilashin ya kai milimita 5 da rabi.

Akwai kuma wata 'yar ƙofa a gefensa da dillalai suke son yin kuri da ita. Aikinta fitar da iskar hiliyom. Ma'aikatan da ke gyaran bututun mai a ƙarƙashin teku sukan yi kwana da kwanaki a cikin wani rufaffen ɗaki suna shaƙar iska mai hiliyom. Iskar tana kutsawa cikin agogo, in an zo rage matsin ɗakin kuma ba ta samu mafita ba, sai ta ɓalle gilashin. In maigida ba wannan ne aikinsa ba, har agogon ya tsufa ƙofar nan ba za ta taɓa buɗewa ba.

Ki riƙe wannan lissafin. Masu nutso don nishaɗi ba sa wuce mita 40. Wanda ya kafa tarihin nutso mafi zurfi da tukunyar iska a bayansa, Ahmed Gabr ɗan ƙasar Masar, mita 332 ya kai a 2014. Madatsun ruwanmu irin su Tiga da Kainji ko mita 100 ba su kai ba. Saboda haka duk wanda ya sayi Deepsea a nan, sha'awa ya saya, ba buƙata ba. Sha'awa ba laifi ba ce, amma a kira ta da sunanta.

Hotunan nan huɗu

Na farko shi ne na ƙarfe mai baƙar fuska. Faɗinsa milimita 44, kaurinsa 17.7, nauyinsa ya haura giram 200. Don ki gane, ɗaga wayar da kike karatu da ita yanzu ki ji nauyinta. To, kusan hakan ne, ko ma ya ɗan ɗara, zai wuni ɗaure a wuyan hannu. Kaurin kuwa kamar ki ɗora waya biyu ne, ɗaya kan ɗaya. Sabo a shagon wakilan kamfanin ana maganar wajen dala dubu 14 zuwa sama.

Na biyu shi ne mai fuskar da ta fara da shuɗi daga sama ta ƙare da baƙi a ƙasa, da rubutu kore. Sunansa D-Blue. An fito da shi a 2014 don tunawa da James Cameron, wanda ya shirya fim ɗin Titanic ɗin nan. Shi ne ya sauka shi kaɗai a cikin wani ƙaramin jirgi zuwa ramin Mariyana, wuri mafi zurfi a tekunan duniya, a watan Maris na 2012, ya kai kusan mita 10,900. Inji ɗaya, girma ɗaya, nauyi ɗaya da baƙin. Launi ne kawai da labari, sai ɗan ƙarin kuɗi. A kasuwar na hannu ma an fi nemansa.

Na uku na zinare ne mai shuɗiyar fuska, ya fito a 2024. Girmansa ɗaya da na ƙarfen, amma da yake zinare ya fi ƙarfe nauyi, ya kai wajen giram 320, wato waya ɗaya da rabi. Kuɗinsa ya haura dala dubu 50.

Na huɗu shi ne babban yayansu, Deepsea Challenge, na 2022. Faɗinsa milimita 50, kaurinsa 23, an yi shi ya jure mita 11,000. Da wani ƙarfe mara nauyi mai suna taitaniyam aka ƙera shi, amma duk da haka ya kai giram 250. Ba ya nuna kwanan wata. Da dala dubu 26 aka fara sayar da shi. Ki buga waɗannan kuɗaɗe da farashin dala na yau, ki ga gida nawa za a rufe.

Ko a cikin na ƙarfen akwai zamani uku, kuma a nan ne ake yi wa mai saye rufa-rufa. Na 2008 lambarsa 116660, in an ajiye shi yana yin awa 48 kafin ya tsaya, kuma sarƙarsa siririya ce a kan girman kansa, don haka yana yawan karkacewa a hannu. Na 2018 lambarsa 126660, an faɗaɗa sarƙar, an sa masa sabon inji mai yin awa 70. Na 2022 lambarsa 136660, gyaran da aka yi masa kaɗan ne. In na hannu za a saya, lallai a duba lambar a katinsa, kada a biya kuɗin sabon yayi a karɓi tsoho.

Na zinaren ya fita tun kafin a fara

Wannan ba sai an ja ba. Sanannen abu ne cewa addininmu ya hana maza sa zinare, don haka hoto na uku ki goge shi kawai. Haka ma wanda aka gauraya ƙarfe da zinare, irin wanda ake samu a ƙaninsa Sea-Dweller. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: ko a na ƙarfen, 'yan alamomin awa da ke ƙarƙashin gilashi da zinare ake kewaye su don kada su dafe. Hukuncin wannan ɗan kaɗan ɗin ba fagen nas ba ne, maigida ya tambayi malaminsa kafin ya biya, ba bayan ya biya ba.

Yanzu ga fagena: hannu da fata

Ki ari tef ɗin tela ki auna wuyan hannunsa, daidai bayan ɗan ƙashin nan da ya turo. Yawancin maza suna tsakanin santimita 15 zuwa 19. Deepsea daga kunnensa na sama zuwa na ƙasa ya haura santimita 5. In faɗin saman hannun bai kai haka ba, kunnuwan za su yi rataye a iska, agogon ya riƙa juyawa yana bugun ƙashi. A ganina, wanda hannunsa bai kai santimita 18 ba zai sha wahalarsa. Mai milimita 50 kuwa sai ƙaƙƙarfan mutum, kuma ba hannun kaftanin da zai rufe shi, sai dai a gaya wa tela ya buɗa.

Ga inda matsalar take. Agogo mai nauyi in ya yi sako-sako yana damun mai shi, sai ya ƙara matse shi. To akwai wata jijiya da ta bi ta gefen babban yatsa, kusa da fata take sosai. In aka daɗe ana danne ta, mutum zai riƙa jin bayan babban yatsansa kamar ya mutu, ko kamar ana tsikarinsa da allura. Likitoci sun san wannan larura, ita ce ma kan samu wanda ankwa ta matse wa hannu. Yawanci in an cire abin da ke matsewar tana warwarewa, amma in ta wuce 'yan makonni a zo asibiti. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ƙaramin yatsa ya iya shiga tsakanin sarƙa da fata. Ki tuna kuma hannu yana ɗan kumbura da zafin rana. Maƙullin Deepsea yana da wurin ƙarawa da ragewa ba tare da an je wurin mai gyara ba, wannan kam abin yabo ne a ƙasa mai zafi irin tamu.

Sai maganar ƙuraje. Kin san yadda wata in ta sa ɗan kunnen da ba zinare ba kunnenta ke yin ƙaiƙayi, ya yi ja, har ya tsatso ruwa? Wani sinadari ne mai suna nikel jikinta ba ya shiri da shi. An fi ganin haka ga mata saboda hujin kunne, amma maza ma suna yi. Ba nan take yake fitowa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, kuma zufa tana ƙara shi. Ƙarfen da Rolex ke amfani da shi kusan kashi ɗaya cikin huɗu nikel ne, ya fi na sauran agoguna yawa. Sai dai ƙarfe ne mai kyau da ba ya saurin sakin abin da ke cikinsa, shi ya sa yawancin mutane ba sa ganin komai. Bayan Deepsea da ke kwanciya a kan fata taitaniyam ne, amma sarƙar ƙarfe ce. In kin san kan bel ko wani tsohon agogo ya taɓa yi wa maigida ƙuraje, ki gaya masa ya nemi na taitaniyam zalla, ko da na wani kamfanin ne. Agogunan da suka fi kawo mana masu wannan matsalar su ne masu arahar nan da aka yi wa fentin ruwan gwal, da zarar fentin ya goge shi ke nan.

Ba kowane ƙurji ba ne nikel. Sau biyar a rana ana alwala, ruwa da sabulu da zufa suna maƙalewa a ƙarƙashin faffaɗan agogo, fata ta jiƙe ta yi laushi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Shi ya sa a ɗakin tiyata ba a barin kowa da agogo a hannu, da yawanmu ma na maƙalawa a ƙirji muke amfani da shi. Maganin abin shi ne a zame agogon, ruwa ya kai ga fata, a tsane wurin sosai kafin a mayar. Sau ɗaya a mako a wanke sarƙar da tsohon buroshin haƙori. Ki kuma yi tunanin wannan: mutumin da zai riƙa cire agogon dala dubu 14 yana ajiyewa a bakin famfon masallacin kasuwa, rana ɗaya mantuwa za ta zo.

Abu biyu na ƙarshe a wannan ɓangaren. In akwai jariri a gida, a cire agogo kafin a ɗauke shi. Dunƙulen ƙarfe mai kaifin gefe ba abin kusanta da maɗigar jinjiri ba ne, kuma fatarsu ba ta da wuyar karcewa. Sannan duk wanda ake yi wa wankin ƙoda, kada ya ɗaura agogo kowane iri a hannun da aka yi masa aikin jijiya.

Jabu, jari da idon mutane

Rolex na cikin agogunan da aka fi yi wa jabu a duniya, kuma jabun yanzu ba irin na da ba ne da ake ganewa daga nesa. Wani sai an buɗe bayansa ƙwararre zai gane. Hoton WhatsApp ba shaida ba ne, kwali ba shaida ba ne, kati ma ana buga na ƙarya. In an ce maka ga shi a rabin kuɗi saboda mai shi yana cikin matsi, ka riƙe kuɗinka. Sabo a shagon wakilan kamfanin yana zuwa da garantin shekara 5. In na hannu ne, sai a wurin dillalin da ya yarda a kai wa wani mai gyara daban ya duba, kuma ya rubuta cewa zai karɓi kayansa in an samu matsala. Sayen nagari mai da kuɗi gida, amma sai in nagarin ne da gaske.

Za ki ji maigida ya ce ai jari ne, kuɗinsa ba ya faɗuwa. Gaskiya ne agogunan wannan kamfanin suna riƙe daraja fiye da yawancin kayan ƙawa. Amma farashinsu a kasuwar na hannu ya hau sosai zuwa farkon 2022, daga nan ya gangaro, waɗanda suka saya a saman suka yi asara. Ƙaton agogo kuma masu iya ɗaura shi kaɗan ne, masu sayensa ma haka. Sarƙar zinarenki in kin kai kasuwa yau, a sikeli za a ɗora a ba ki kuɗinki. Agogo sai an samu mai so. Ga shi ba batir gare shi ba, motsin hannu ne ke yi masa wani, kuma kamfanin da kansa ya ce a riƙa kai shi gyaran inji kusan duk shekara 10. Kuɗin gyaran kaɗai zai sayi agoguna masu kyau da yawa.

Akwai kuma abin da ba sai na buɗe ba, kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Agogon da ake hangowa daga tsallaken titi yana yi wa mai shi shela, ba shi kaɗai ba, har da iyalinsa.

To wanne za ki ce?

In har an gama shawara sai an saya, ga yadda na jera su. Na zinare ya fita. Mai milimita 50 na masu tara agoguna ne a akwati, ba na mai zuwa kasuwa kullum ba. Saura baƙi da shuɗi, su kuma abu ɗaya ne: baƙin ya fi shiga da kowace shadda kuma bai cika jan ido ba, shuɗin ya fi saurin samun mai saye in an tashi rabuwa da shi. A nemi na 2018 zuwa sama. Amma kafin nan ki roƙe shi abu ɗaya: ya shiga shago ya ɗaura shi, ya lanƙwasa hannu kamar zai yi sujada, ya ji ko yana tokare shi. Ya gwada ƙannensa ma, Sea-Dweller mai milimita 43 da ke jure mita 1,220, da Submariner mai milimita 41 da ke jure mita 300. Na ƙarshen ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, kuma yana shiga ƙarƙashin hannun riga. Hannu ne zai yanke hukunci, ba hoto ba.

Amma 'yar'uwa, na lura abin da ya hana ki barci ba launin fuska ba ne, rufin gida ne. Mijin da ya turo miki hoto ya ce ki zaɓa ya riga ya buɗe miki ƙofar shawara, kada ki rufe ta da gatse, kada kuma ki haɗiye maganar ta zame miki ciwo. Kada ki ce masa almubazzaranci ne, mutum ne da ya sha wahala yana son ya ga ladan guminsa a jikinsa. Ki zaɓa masa ɗaya tukuna, ki yaba. Sannan ki samu lokacin da ya ci ya huta, ki ce, Alhaji, ni ma ina son in gan shi a hannunka, amma zai fi yi mini kyau in a gidanmu na kanmu ka fara ɗaura shi. Ki zo da lissafin kwano da katako a rubuce. Agogon ba zai gudu ba, tun 2008 ake yin sa. Damina kuwa ba ta jiran kowa.

Ga sauranmu masu sayen na daidai ƙarfi

Ki juya bayan agogon ki karanta. In an rubuta 30M, ba wai za a nutsa da shi mita 30 ba ne, yayyafi da fantsamar wanke hannu kawai yake jurewa. Mai 50M zai jure alwala. Mai 100M za a iya iyo da shi. Mai 200M shi ne na nutso. Kowanne ne dai, kada a yi wanka da ruwan zafi da shi, don zafi da sabulu suna cinye robar da ke tare ruwa. A kuma tabbatar ɗan kan da ake murzawa a gyara lokaci yana rufe ram, musamman in yara sun yi wasa da shi.

In ɗanki ya nace sai ƙaton agogo irin na masu nutso, akwai na Casio da ake kira Duro. Faɗinsa shi ma wajen milimita 44 ne, yana jure mita 200, kuɗinsa bai kai dala 100 ba, kuma an sha ganin attajirin nan Bill Gates da shi a hannu. Seiko da Citizen da Orient ma suna da nagari. Abin dariyar shi ne agogon batir ya fi na miliyoyin cika lokaci: Rolex ya yi alkawarin kuskuren da bai wuce daƙiƙa 2 a rana ba, wanda zai iya kai minti ɗaya a wata, na batir kuwa yawanci ko rabin minti ba ya kai wa. Iya ruwa fidda kai, in ji magabata.

Ke fa uwargida, maigida ya taɓa neman shawararki a kan sayen wani abu mai tsada da ranki bai kwanta da shi ba? Yaya kika ɓullo wa abin? Ki rubuta mana a ƙasa, wata za ta ƙaru, amma don Allah ban da ambaton suna. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba agogunan zamani masu cewa suna auna hawan jini da sukari, mu ga wanne za a yarda da shi, wanne ne kuma zai sa mai ciwo ya yi sakaci da maganinsa. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya a gidajenmu.